Farfela mai lilo, farfela mai fiffike ɗaya: jiragen saukar ungulu na gwaji a Jamus bayan yaƙi

A ranar 5 ga Mayu 1955 Jamus ta Yamma ta karɓi ikon mulkin kanta, kuma da wannan ne aka ɗage haramcin ƙera jirgin sama mai inji da ƙasashen da suka ci Yaƙin Duniya na Biyu suka ɗora mata tun 1945. Shekara goma ke nan babu ƙira, babu gwaji. A fannin jirgi mai saukar ungulu giɓin ya fi ciwo, domin kafin haramcin Jamusawa ne a sahun gaba. Fw 61 na Henrich Focke ya tashi a watan Yuni 1936, kuma a 1938 Hanna Reitsch ta tuƙa shi a cikin zauren Deutschlandhalle na Berlin, ƙarƙashin rufi, a gaban 'yan kallo. Anton Flettner ya ƙera Fl 282 mai farfela biyu da ke shiga tsakanin juna ba tare da sun yi karo ba. Da yaƙi ya ƙare sai masanan suka watse. Flettner ya tafi Amurka. Friedrich von Doblhoff, ɗan Ostiriya, ya shiga kamfanin McDonnell, abokin aikinsa Theodor Laufer kuma ya nufi Faransa. Shi kansa Focke ya yi wa Faransawa aiki, daga baya ya wuce Burazil.

Ko da aka buɗe ƙofa, kasuwa ta riga ta ci. Kamfanonin Bell da Sikorsky na Amurka suna sayar da jirage ɗaruruwa, Faransa ta tashi Alouette II mai injin tabain (inji mai juyawa da hucin man da aka ƙona, dangin na jirgin jet) a watan Maris 1955, kuma sabuwar rundunar sojan Jamus ta Yamma daga waje ta yi sayayyarta. Ƙaramin kamfani da ke farawa daga teburin zane ba zai ci riba da kwaikwayon Sikorsky ba. Abin da ya rage masa shi ne ya nemi inda helikwaftar kowa da kowa take da rauni, ya kawo maganin da ba wanda ya gwada, ya nemi kuɗin bincike daga ma'aikatar tsaro a Bonn. Daga nan ne siffofin ban mamakin suka fito. Kuma raunin guda uku ne: ƙarfin murɗa da inji ke mayar wa gangar jirgi, iyakar gudu, da tarin gaɓoɓin da ke cibiyar farfela.

Biyu daga jiragen farko ba su kauce wa hanya sosai ba. Focke ya dawo gida a 1956, ya shiga kamfanin motoci na Borgward a Bremen, ya ƙera Kolibri mai ɗaukar mutum 3 da injin Lycoming mai ƙarfin doki 260. Ya tashi a watan Yuli 1958, kuma Ewald Rohlfs, wanda ya fara tashin Fw 61 shekara 22 kafin nan, shi ne matuƙin. Ba injiniyanci ne ya kashe shi ba: Borgward ya karye a 1961, aikin ya bi shi. Kamfanin Merckle na Oedheim kuma ya tashi SM 67 a 1959 da injin Artouste na Faransa, amma soja suka ga babu dalilin jiran jirgin gida alhali Alouette II mai irin wannan inji tana nan a kasuwa.

Iska a madadin giyabos

A helikwafta ta gama-gari inji yana murɗa sandar farfela, sandar kuma tana murɗa gangar jirgi zuwa ɗaya ɓangaren da ƙarfi daidai wa daida. A ɗauki inji mai ƙarfin doki 800, wato kilowat 590 ko kusa, da farfela mai faɗin mita 10 tana zagaye 400 a minti. Murɗar da gangar ke sha ta kai niyuton-mita 14,000. In farfelar wutsiya tana nesa da sanda da mita 6, sai ta riƙa turi a kaikaice da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 240 kafin hancin jirgi ya tsaya wuri ɗaya. Wannan turi yana cin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na ƙarfin inji ba tare da ya ɗaga ko kilo ɗaya ba, ga doguwar sanda da ƙananan giyabos da ake jerawa cikin wutsiya, ga haɗarin farfelar ta sari mutum ko bishiya.

Doblhoff ya riga ya nuna wata hanya a lokacin yaƙi: kada a murɗa sanda sam, a tura fiffike daga bakinsa. In abin da ke juya farfela yana jikin farfelar ne, babu murɗar da za ta koma ganga sai ɗan gogayyar boris. Laufer ya kai wannan tunani Faransa inda aka ƙera ƙaramar helikwaftar Djinn, sannan ya dawo da shi kamfanin Dornier a gaɓar tafkin Constance. Sakamakon shi ne Do 32, wanda ya fara tashi ranar 29 ga Yuni 1962.

Jirgin mutum ɗaya ne, matuƙi a zaune a fili, babu ƙofa babu rufi. Bayansa akwai ƙaramin tabain na BMW, samfurin 6012, mai ƙarfin doki 90. Tabain ɗin ba ya taɓa farfela. Kwamfuresa yake juyawa, kwamfuresar ta matse iska, iskar ta hau bututu zuwa cibiya, ta ratsa wata mahaɗa mai juyawa, ta shiga cikin fikafikai biyu masu rami, ta fita ta ƙananan bakuna a ƙarshensu tana kallon baya. Ba a ƙona mai a bakin fiffike, shi ya sa ake kiran tsarin mai sanyi, ko da yake iskar da aka matse tana da zafin da zai ƙona hannu. Faɗin farfelar mita 7.5. Ana naɗe jirgin gaba ɗaya a saka cikin tirela da ƙaramar mota za ta ja, a buɗe shi cikin 'yan mintoci, tirelar kuma ta zama dandalin tashi. An nuna shi a baje kolin jirage na Paris a 1963, aka ƙera guda 3.

Ribar a bayyane take. Babu giyabos, babu kuloci, babu farfelar wutsiya. Iska mai ɗumi a cikin fiffike tana hana ƙanƙara kamawa. Fikafikan da ke da nauyi a baki suna ajiye ƙarfin juyawa, don haka in inji ya mutu matuƙi yana da ɗan sarari kafin farfela ta rage gudu.

Asarar kuwa a lissafi take. Giyabos mai kyau yana isar da fiye da kashi 95 cikin ɗari na ƙarfin inji ga farfela. A tsarin iska ana asara a kwamfuresa, ana asara a lanƙwasar bututu, mahaɗar cibiya tana yoyo in ta fara cinyewa, sannan babbar asarar tana bakin fiffike. Ƙa'idar turi da feshin iska ita ce, gwargwadon yadda gudun feshin ya zarce gudun abin da ake turawa, gwargwadon ƙarfin da ke tafiya a banza. In bakin fiffike yana mita 200 a daƙiƙa, iska kuma tana fita da mita 500 a daƙiƙa, abin da ke zama aiki bai wuce kashi 57 ba, tun kafin a cire sauran asarar. Mai zane zai so ya rage gudun feshin ya ƙara yawan iskar, amma yawan iska yana buƙatar rami mai faɗi, rami mai faɗi yana buƙatar fiffike mai kauri, fiffike mai kauri kuma yana ƙara jan iska. Nan aka maƙale. Man da Do 32 ke ɗauka ba ya kai shi awa ɗaya a sama, kuma ƙarar feshin ba ta dace da jirgin leƙen asiri ba. Akwai wata matsalar da ba a cika ambata ba: tunda babu farfelar wutsiya, da me za a juya hanci in jirgi yana tsaye a sama? A Djinn an sa allon juyawa a cikin hucin da ke fita bayan tabain. Yana aiki, amma ƙarfinsa ya dogara ga yadda inji ke huci, kuma iska mai kaɗawa daga gefe tana iya rinjayarsa.

Soja ba su saya ba. Dornier ya cire matuƙi ya mayar da tsarin na'ura mai tashi a ɗaure da igiya, wadda aka sa wa suna Kiebitz, don ɗaga na'urar hangen nesa ko rada sama da sansani. A babban samfurinsa, Do 34, igiyar ta kai mita 300 kuma a cikinta akwai tiyon da ake turo mai daga mota a ƙasa. Wannan ne wuri ɗaya da shan man bai dami kowa ba, tunda tankin yana ƙasa. Shi ma bai shiga aikin soja ba.

Kamfanin VFW na Bremen ya yi ƙoƙarin cin ribar iska ba tare da biyan kuɗinta duka ba. A jirginsa H3 na ƙarshen shekarun 1960, tsarin shi ne a tura iska bakin fikafikai lokacin tashi da sauka kawai. In an kama hanya sai a karkatar da ƙarfin inji zuwa fankoki biyu a gefen ganga, a bar farfela tana juya kanta da iskar da ke ratsa ta daga ƙasa. Wahalar tana wurin sauyin: a 'yan daƙiƙun da ake ɗauke iska daga farfela dole a rage kusurwar fikafikai a daidai lokacin, in ba haka ba juyawar ta faɗi. Aikin bai wuce matakin gwaji ba.

Josef Wagner na Friedrichshafen, wanda arzikinsa daga bindigar feshin fenti ya fito, ya bi ta wata hanyar: farfela biyu a sanda ɗaya, ta sama da ta ƙasa suna juyawa saɓanin juna, murɗar ɗaya ta kashe ta ɗaya. Har ya gwada Rotocar, helikwaftar da aka so ta riƙa bin titi kamar mota, kafin ya koma Sky-Trac wanda ya sami takardar amincewa a 1969. A irin wannan tsari ana juya hanci ne da ƙara wa farfela ɗaya kusurwa a rage wa ɗayar. Amma in inji ya mutu ana saukowa da juyawar iska, murɗar ta yi rauni ƙwarai, tana ma iya juyewa, sai feda ta daina amsawa yadda aka saba. Dole kuma a bar tazara mai yawa tsakanin farfelun don kada fikafikai su haɗu, abin da ke sa sanda ta yi tsawo da nauyi.

Bo 46 da farfelar Derschmidt

Wannan shi ne mafi zurfin tunani a cikinsu duka, kuma sai an fahimci abin da ke hana helikwafta gudu kafin a ga hikimarsa.

Bakin fiffike yana zagayawa da kimanin mita 210 a daƙiƙa. In jirgi yana tsaye a sama, kowane fiffike iska ɗaya yake sha ko ta wane gefe. Da an fara tafiya gaba sai lissafi ya rabu biyu. A kilomita 300 cikin awa, wato mita 83 a daƙiƙa, fiffiken da ke tafiya gaba yana shan iska mai gudun 293, wanda ke komawa baya kuma 127 kacal. Ƙarfin ɗagawa yana bin gudu ninki cikin ninki, wato in gudu ya ninka biyu ɗagawa ta ninka huɗu, don haka a kusurwa ɗaya na gaban zai ɗaga fiye da ninki biyar na na bayan. Ana daidaita su da rage kusurwar mai zuwa gaba, a ƙara ta mai komawa baya. Amma kusurwa tana da iyaka: in ta wuce digiri 15 ko kusa, iska ta daina bin bayan fiffike, ɗagawa ta yanke, jirgi ya fara jijjiga, hanci ya ɗaga, ya kife ta gefen fiffiken baya. A ce kuma ana son kilomita 500 a awa, mita 139 a daƙiƙa. Fiffiken gaba zai kai 349, ya zarce gudun sauti da ke wajen 340. Na baya zai sauko 71 a bakinsa, kuma kashi biyu cikin uku na tsawonsa iska ta baya za ta riƙa bugunsa. In aka rage juyawar farfela don ceton na gaba, an ƙara kashe na baya. In aka ƙara, an jefa na gaba cikin gudun sauti.

Hans Derschmidt, injiniya a kamfanin Ludwig Bölkow, ya ce to fiffiken ya daina zagayawa da gudu ɗaya. A gefen da yake tafiya gaba ya ja da baya, a gefen da yake komawa ya yi sauri. Cibiya tana juyawa da gudunta na kullum, amma kowane fiffike yana kan doguwar hannu mai ƙarfi, kuma a ƙarshen hannun akwai gaɓar da ke barinsa ya kaɗa gaba da baya a shimfiɗe, har digiri 40 kowane gefe, sau ɗaya a kowane zagaye.

A auna da farfelar mita 10 mai zagaye 400 a minti. In ɓangaren da ke kaɗawa mita 3 ne, kaɗawar digiri 40 tana ƙara wa baki ko ta rage masa kusan mita 88 a daƙiƙa a tsakiyar kaɗawar. Wato a kilomita 500 cikin awa fiffiken gaba ya sauko daga 349 zuwa wajen 260, na baya ya hau daga 71 zuwa wajen 160. Matsala biyu sun warware da dabara ɗaya.

Tambayar ita ce wane ƙarfi zai riƙa kaɗa fiffike mai nauyi gaba da baya kusan sau bakwai a daƙiƙa. In da ƙarfin tsiya za a yi, babu sandar da za ta jure. Amsar Derschmidt tana wurin da ya sa gaɓar. Fiffiken da ke juyawa, ƙarfin da ke jansa waje yana son miƙar da shi, kuma in an kautar da shi zai dawo ya wuce ya sake dawowa, kamar lilon yara: lilo yana da lokacinsa, kuma in ana tura shi a kan wannan lokaci ɗan yatsa ma ya isa. Saurin wannan lilo ya dogara ga nisan gaɓa daga tsakiya. A helikwafta ta gama-gari gaɓar tana kusa da sanda, kashi 3 zuwa 5 na tsawon, lilon kuma ya yi kusan kashi ɗaya cikin huɗu na saurin juyawa. Ga fiffike mai nauyi bai ɗaya, in aka kai gaɓar kashi 40 cikin ɗari na tsawon, lilon yana zuwa daidai sau ɗaya a zagaye. Kuma tunda ƙarfin da ke jan fiffike waje yana hawa da sauka tare da juyawa, wannan daidaito ba ya ɓacewa in an ƙara ko an rage gudun farfela. Abin da ya rage wa na'ura shi ne ta tsare lokacin kaɗawar da girmanta: sifili in ana tsaye a sama, ƙaruwa in gudu na ƙaruwa.

Ma'aikatar tsaro ta biya, aka ƙera Bo 46 guda 3, mai kujera biyu, da injin Turmo na Faransa mai ƙarfin doki 800 da farfela mai fikafikai 5. Ya fara tashi ranar 30 ga Janairu 1964. Bai taɓa kusantar gudun da aka zana shi dominsa ba.

Dalilan suna cikin tsarin kansa. Na farko, duk abin da ke lilo a kan lokacinsa ba ya son a taɓa shi: ɗan canji a jan iska ko a kusurwa yana sauya girman kaɗawar da lokacinta, kuma in fiffike ɗaya ya saɓa wa sauran, tsakiyar nauyin farfela ta bar kan sanda, jirgi ya kama girgiza. Na biyu, fiffiken da ya kauce digiri 40 ba ya kan layin da sandunan sarrafawa suka san shi. Umarnin da matuƙi ya bayar yana isa a wani wuri dabam na zagayen, kuma kaɗawa gaba da baya tana cakuɗuwa da kaɗawa sama da ƙasa, ɗaya tana haifar da ɗaya. Jirgin ya zama mai nauyin amsa umarni, mai wuyar riƙewa. Na uku, gaɓar da ke mita 2 daga tsakiya tana ɗauke da jan tan da yawa alhali tana motsi mai faɗi ba hutawa, kuma irinta biyar ne. Cibiyar ta zama katuwa, mai nauyi, mai jan iska, a jirgin da gudu ne dalilin ƙera shi. Ko da an shawo kan sarrafawar, kuɗin kula da waɗannan boris kaɗai ya isa ya kori mai saye. An dakatar da aikin a tsakiyar shekarun 1960. Ɗaya daga jiragen yana gidan tarihin helikwafta na Bückeburg, inda SM 67 da Bo 103 da za a ambata a gaba ma suke.

Daga fiffike ɗaya zuwa cibiya marar gaɓa

Sai a koma baya kaɗan, domin abin da ya yi amfani a ƙarshe ya faro ne daga na'urar da ba ta ma tashi. A ƙarshen shekarun 1950 Bölkow ya ƙera Bo 102, helikwaftar koyon tuƙi da ke ɗaure a kan gindi. Tana da inji na gaske mai ƙarfin doki 40, da farfela, da sanduna da feda na gaske. Ɗalibi yana iya ɗaga ta ƙasa da mita ɗaya, ya juya ta, ya karkata ta, amma ba zai iya faɗuwa da ita ba. An sayar da ƙasa da ashirin. Farfelarta fiffike ɗaya ce tak, da guntun ƙarfe mai nauyi a ɗaya gefen. A 1961 aka kwance ta daga gindin, aka ƙara ƙarfin inji, ta zama Bo 103 mai tashi da mutum ɗaya.

Dalilin fiffike ɗaya araha ne da sauƙi. Babu aikin daidaita fikafikai su bi layi ɗaya, wanda shi ne ke cinye lokacin makanikan helikwafta, kuma gaɓoɓi sun ragu. Amma nauyin daidaito ba kyauta ba ne. A misali, fiffike mai kilo 10 da tsakiyar nauyinsa ke mita 1.7 daga sanda, yana zagaye 570 a minti, yana jan cibiya da ƙarfin tan 6. Don a kashe wannan ja da guntun hannu mai rabin mita, sai an rataya kilo 34 na ƙarfen da ba ya ɗaga komai. Sannan ɗagawar duka tana gefe ɗaya, tana zagayawa da fiffiken. Ana magance wannan da barin fiffike ya ɗan tashi sama, nauyin ya ɗan sauka ƙasa, jan da suke yi waje ya daidaita karkatar. Sai dai daidaiton na kusurwa ɗaya ne. Da matuƙi ya ƙara ɗagawa ko ya rage, sai girgiza mai zuwa sau ɗaya a zagaye ta dawo. Ga jirgi ƙarami ana iya haƙuri da ita, ga babba ba ta yiwuwa. Bo 103 guda ɗaya aka ƙera.

Abin da ya fi siffar muhimmanci shi ne kayan da aka yi fiffiken da shi: zaren gilashi da aka jiƙa da ƙaron roba. A lokacin fikafikan duniya na katako ne ko na ƙarfe. Katako yana shan danshi, nauyinsa ya canza. Ƙarfe kuma yana gajiya: tsaga ƙarama ta fara daga ramin ƙusa ko daga ƙarzuwa, ta yi ta tafiya a ɓoye har fiffike ya karye farat ɗaya. Zaren gilashi dubban zaruruwa ne, in wasu sun tsinke sauran suna riƙe, kuma lalacewar tana bayyana a hankali. Yana kuma lanƙwasa sosai ba tare da ya gaji ba. Bölkow yana da hannu a wannan sana'a ta wata ƙofar, domin kamfaninsa ne ya ƙera Phönix don sayarwa, jirgin shawagi marar inji na farko da aka yi da zaren gilashi, wanda Hermann Nägele da Richard Eppler suka tashi a 1957.

Cibiyar helikwafta ta gama-gari tana ba kowane fiffike gaɓa uku: ta kaɗawa sama da ƙasa, ta kaɗawa gaba da baya, da ta murɗa kusurwa. Kowace da boris ɗinta da man shafawarta, ta biyun kuma da na'urar rage kaɗawa. In fiffike zai iya lanƙwasa a gindinsa miliyoyin sau bai karye ba, gaɓa biyun farko ba su da aiki. Wannan ne tunanin da Emil Weiland da abokan aikinsa suka gina Bo 105 a kai: cibiya guda ta titaniyom, fikafikai 4 na zaren gilashi, faɗin mita 9.84, boris na murɗa kusurwa kawai. An fara gwada farfelar a kan Alouette II tare da Faransawa.

Samfurin farko na Bo 105 bai taɓa tashi ba, kuma ba sabuwar farfelar ce ta ci shi ba. An ɗora masa tsohuwar farfela mai gaɓoɓi ta jirgin Scout na Ingila don a yi taka-tsantsan, sai wata girgiza da ke kama helikwafta tana tsaye a ƙasa ta wargaza shi a wurin gwaji. Yadda abin ke faruwa shi ne, fikafikai su kauce daga tazararsu a gaɓar gaba da baya, tsakiyar nauyi ta bar sanda, ganga ta fara rawa a kan ƙafafunta, rawar ta ƙara kautar da fikafikan, cikin 'yan daƙiƙu komai ya tarwatse. Matuƙin da ya ji ta fara, in farfela ta kai gudun tashi sai ya ɗaga jirgin nan take ya raba shi da ƙasa, in ba ta kai ba ya kashe inji. Samfuri na biyu, mai farfela marar gaɓa, ya tashi a Ottobrunn kusa da Munich ranar 16 ga Fabrairu 1967, Wilfried von Engelhardt na tuƙi.

Bambancin a hannun matuƙi yake. A farfela mai fikafikai biyu da ke rataye a gaɓa ɗaya, ganga tana bin farfela ne saboda ɗagawar da ke janta. In matuƙi ya tura sanda gaba da sauri har nauyi ya ɗauke, umarni ya daina aiki, cibiya tana iya dukan sanda ta karya ta. A Bo 105 fiffike yana murɗa cibiya kai tsaye, don haka jirgin yana amsawa nan take ko da nauyi ya ɗauke, shi ya sa yake iya bin ƙasa-ƙasa tsakanin bishiyoyi har ma ya yi alkafura. Da injinsa biyu na Allison 250 ya sami amincewa a 1970, kuma a watan Nuwamba na shekarar ƙungiyar masu motoci ta Jamus, ADAC, ta fara aikin ɗaukar marasa lafiya da shi a Munich da sunan Christoph 1. Sojan ƙasa na Jamus sun sayi 212 masu ɗaukar makamai shida na harbin tankar yaƙi. An ƙera fiye da 1,400, kuma rundunar sojan saman Najeriya, wadda hafsoshin Jamus suka taimaka wajen kafa ta a farkon shekarun 1960, tana cikin waɗanda suka yi aiki da shi.

Taurin cibiyar yana da nasa farashi. Girgizar da gaɓa za ta shanye yanzu tana sauka cikin ganga sau huɗu a kowane zagaye, musamman lokacin rage gudu don sauka, har aka riƙa rataya ƙananan nauyi masu lilo a gindin fikafikai don rage ta. Umarnin gaba da baya yana ɗan haifar da karkata gefe, sai matuƙi ya saba gyarawa. Sannan a ƙasa, inda ganga ba ta iya bin farfela, duk motsin sandar tuƙi lanƙwasa sandar farfela yake yi. Saboda haka aka sa wani agogo a gaban matuƙi mai nuna nauyin lanƙwasar. Wajen sauka a gangare ana fara dasa ƙafar da ke sama, a sauke ɗayar a hankali ana kallon allurar, kuma in ta shiga ja ana fasa saukar a nemi wuri mafi shimfiɗa, a kuma rubuta abin a littafin jirgi don makanikai su duba sandar kafin tashi na gaba.